Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Shirin Miji Da Mata Kafin Zuwan Jariri

 

Kwanakin baya ƙanena ya shigo gidana a nan Gumel da yammacin wata Alhamis, ƙura har gira, sai fara'a yake yi. Daga kasuwar Maigatari yake. Ya sayo ɗan rago zai turke ya kiwata, domin cikin matarsa ya shiga wata shida, ya kuma lissafa cewa in ya bari sai an haihu, ragon zai fi ƙarfin aljihunsa. Na yaba masa, na ce wannan dabara ce. Ya ci gaba da zayyana mini shirinsa: ya biya kuɗin itace amalanke guda, ya kai wa tela atamfa, ya ware buhun gero na kunu. Da ya kai aya sai na ce, "To, kai da ita kun zauna kun yi magana? A ina za ta haihu? A ina za ta yi wanka? In naƙuda ta zo ba ka gari, wa zai kai ta asibiti?" Ya dube ni da mamaki ya ce, "Haba Yaya, ai wannan maganar mata ce. Su Inna za su shirya."

Wannan amsa ce ta sa na zaɓi maganar yau. Mu mutanen Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar ba a bar mu a baya ba wajen shirin haihuwa. Rago, itace, kayan barka, goron suna, duk muna tanada tun da wuri. Abu ɗaya muke mantawa, shi ne shirya mutum biyun da suka kawo yaron duniya. Ana gama suna, baƙi su watse, a bar miji da mata da gajiya da bashi da maganganun da ba su taɓa yi ba. Daga nan ƙananan saɓani suke samun gindin zama.

Ba mu kaɗai abin yake samu ba. A Amurka, masanin zamantakewar aure John Gottman da abokan aikinsa sun bi diddigin wasu sababbin ma'aurata na tsawon shekaru, suka fitar da sakamakon a shekarar 2000. Sun gano cewa kusan biyu cikin uku na matan da suka yi haihuwar fari sun ji daɗin aurensu ya ragu bayan zuwan jariri. Sauran da aurensu bai girgiza ba, abin da ya bambanta su shi ne mazajensu suna nuna musu ƙauna, kuma suna sane da halin da suke ciki. Wato maganin ba ya buƙatar dukiya. Yana buƙatar kulawa da magana, kuma lokacin maganar shi ne kafin cikin ya kai wata bakwai, tun ba a fara ɗaure kayan tafiya gida ba.

Ga abubuwan da nake ganin ya kamata ku zauna ku biyu, a ɗakinku, bayan isha'i, ku yanke shawara a kansu.

Izini tun kafin a buƙace shi

Na fara da wannan domin rai ne a ciki. Ma'aikatan lafiya suna maganar jinkiri uku da ke kashe mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa asibitin, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farkon a cikin gida yake, kuma a hannun miji yake. Sau nawa muka ji mace ta kwana ta wuni tana naƙuda, ana cewa a jira maigida ya dawo, alhali maigida yana Legas ko Abuja wajen ci-rani, wayarsa kuma ba ta shiga? Zubar jini bayan haihuwa kan iya hallaka mace cikin awa biyu. Doguwar naƙuda kuwa ita ce babbar hanyar yoyon fitsari. Tun shekarar 2008 likitocin ƙungiyar MSF suke aiki a babban asibitin Jahun suna karɓar matan da haihuwa ta zo musu da matsala, suna kuma yi wa masu yoyon fitsari aiki. Da yawa daga cikin waɗannan mata a makare aka kawo su, wasu kuma bayan ciwon sai auren ma ya mutu.

Saboda haka maigida, ka ba da izininka yanzu, a gaban mahaifiyarka da wanda zai tsaya maka in ba ka nan. Ka faɗa da bakinka: "Inna, in naƙuda ta zo ko aka ga jini, kada a jira ni, a kai ta asibiti." Ku tsayar da asibitin da za a je, ko babban asibitin Gumel ko cibiyar lafiya mafi kusa da ku da ke karɓar haihuwa dare da rana. Ku ajiye lambar direba biyu, domin ɗaya zai iya zama yana hanya. In ƙauyenku na cikin waɗanda shirin Haihuwa Lafiya na gwamnatin Jigawa ya shafa, ku san wanda ke riƙe da motar tun yanzu. Wanda ke zaune a ƙauyukan Sule Tankarkar ko Gagarawa ya san yadda yashi ke riƙe mota da rani, ya san kuma yadda hanya ke lalacewa da damina. Ku lissafa wannan a cikin shirinku. Ku kuma nemi ɗan'uwa ɗaya ko biyu da suka yarda su ba da jini in an buƙata.

Ka raka ta awo ko sau ɗaya ne. Na san wasu za su ce abin kunya ne namiji ya zauna a layin mata. Ba sai ka shiga layin ba. Ka tsaya a waje, in an gama ka shiga ka ji abin da ma'aikaciyar jinya za ta ce game da jininta da abincinta. Matarka ba za ta manta da wannan rana ba.

Kuɗin suna da kuɗin rai

Yawancin rigimar da ke tashi bayan haihuwa, in ka bi diddiginta, kuɗi za ka tarar. Ita tana kallon abin da aka yi wa ƙawarta, kala nawa aka ɗinka, akwati nawa aka kawo. Shi kuma yana kallon abin da riɗi ko zoɓo ya bar masa bayan ya biya bashin taki. Ba wanda ya faɗa wa ɗan'uwansa abin da ke ransa, sai ranar da kayan suka iso ta ga ba su kai yadda ta zata ba, ta tsuke fuska a gaban danginta, shi kuma ya ji an ci masa mutunci.

Maigida, ka buɗe mata lissafinka. Ka ce ga abin da nake da shi, ga abin da nake sa rai in an yi kaka. Ku kasa kuɗin uku: na asibiti da mota, na abincin mai jego na kwana arba'in, sannan na suna. Na farko kada a taɓa shi ko don rago. A mazhabar Malikiyya da muke bi, yankan suna dabba ɗaya ce ga namiji ko mace, kuma ga wanda yake da hali ne. Ba a ce mutum ya sayar da gonarsa ko ya jinginar da babur ɗin da yake neman abinci da shi don a ce ya yi bajinta ba. Mutanen Maigatari sun ga yadda kasuwa ta yi sanyi lokacin da aka rufe iyaka da Nijar a 2023, har zuwa watan Maris na 2024 da aka sanar da buɗewa. Wanda ya cinye jarinsa a biki, irin wannan lokaci ne yake kama shi.

Ke kuma 'yar'uwa, ki zama garkuwar mijinki a gidanku. In gwaggo ta ce kayan sun yi kaɗan, ke za ki ce, "Gwaggo, tare muka tsara, haka muka ga ya fi mana." Kalma ɗaya irin wannan daga bakinki takan rufe ƙofar magana. In kika yi shiru, ko kika taya su, to, kin ba da sandar da za a dake ku ku biyun.

Wankan gida, da mijin da ya zama baƙo

Al'adarmu ce mai haihuwar fari ta tafi gidan iyayenta, wata tun cikin yana wata bakwai, wata bayan suna, ta zauna har ta yi arba'in, wata ma ta zarce. Al'ada ce mai hikima. Yarinyar da ba ta taɓa riƙe jariri ba tana samun mai koya mata, tana samun hutu daga girki da ɗiban ruwa. Ba na cikin masu cewa a watsar da ita. Abin da nake cewa shi ne a san farashinta, domin wata uku ko huɗu miji da mata suna rabe, a lokacin da rayuwarsu take sauyawa gaba ɗaya, ba ƙaramin abu ba ne.

Wata mai karatu daga Gagarawa ta rubuto mini cewa a kwana hamsin da ta yi a gida, sau biyu mijinta ya zo, kuma duka biyun a zaure ya tsaya ya gaida mahaifinta, aka miƙa masa jaririn ya duba ya tafi. Ta ce da ta koma ɗakinta sai ta ji kamar gidan wani ta shiga. Shi yana jiran amaryar da ya sani, ita kuma ta dawo da goyo da gajiya da fushin da ta tara. Na tabbata in aka tambayi mijin zai ce kunyar surukai ce ta hana shi. Kunya ado ce, amma matarka ba ta da hanyar bambance kunya da rashin damuwa in ba ka faɗa mata ba.

Ku tsayar da ranar tafiya da ranar dawowa tun kafin a tafi, kuma iyayen ɓangarorin biyu su sani. Ku tsayar da ranakun da zai riƙa zuwa. Daga Gumel zuwa Maigatari ko Sule Tankarkar ba tafiyar da za ta gagari mai babur ba ce sau ɗaya ko biyu a mako. In ka je, kada ka tafi hannu rabbana, ko tsire ne ko kifi ko 'yan lemo ka riƙe, kuma ka nemi a ba ku wuri ku gaisa ku biyu. In nesa kake, ga waya. Amma in ka kira kada tambayarka ta tsaya ga yaro. Ka ce, "Ke fa, ya jikin naki? Kin samu barci? Me kika ci?" Mai jego tana jin kowa na tambayar jariri daga safe har dare. Mai tambayar lafiyarta ita kanta shi take nema.

Haka nan kunyar ɗan fari. Mun taso mun ga iyaye ba sa kiran sunan ɗansu na fari, ba sa ɗaukarsa a gaban manya. A gaban jama'a ku yi karar ku, ba laifi. Amma a cikin ɗakinku, maigida ka ɗauki ɗanka, ka jijjiga shi, ka bar uwar ta runtsa. Ba wanda zai gan ka sai wadda za ta ƙara ganin girmanka.

Tsakanin uwa da mata da likita

A nan ne namiji ke shiga tsaka mai wuya. A asibiti an ce a ba jariri dakashi, wato nonon farko mai kauri, domin yana ɗauke da kariya daga cututtuka, an ce kuma nono zalla har wata shida ba ko ruwa. A gida kaka ta ce dakashi ba shi da kyau a matse a zubar, kuma yaro a wannan zafi na bazara dole ya sha ruwa. A asibiti an ce ruwan wanka ya zama mai ɗumi, a gida an ce sai ya tafasa, a yi da ganyen darbejiya, wadda wasunmu ke kira maina, safe da yamma, a bi da kunun kanwa. Yarinya 'yar shekara goma sha tara ba za ta iya musu da uwarta ko surukarta ba. In mijinta bai tsaya mata ba, ba mai tsaya mata.

Ga abin da ya kamata ku sani ku biyun. Tun shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa a watannin bayan haihuwa, suka kuma yi zargin yawan kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a kan gado mai wuta. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta daga baya ya ƙara nuna cewa ciwon ya yi yawa a yankinmu na Arewa maso Yamma, kuma rashin wadataccen abinci mai gina jiki na da hannu a ciki. Abin da likitoci suka haɗu a kai shi ne kanwa gishiri ce, kuma yawan gishiri na cutar da mai hawan jini da mai raunin zuciya. Don haka wadda aka ce jininta ya hau lokacin ciki ta nisanci kunun kanwa, kowa kuma ya sassauta zafin ruwan.

Maigida, ba a ce ka yi wa mahaifiyarka tsawa ba. Tun kafin haihuwa ka same ta ita kaɗai, ka durƙusa ka ce, "Inna, likita ya yi mana gargaɗi a kan kanwa da ruwan zafi, na ce bari in kawo miki maganar, ke za ki san yadda za a yi." Ka ɗora mata alhakin kula, ka ga yadda za ta riƙe shi. Uwa in aka girmama ta aka nemi shawararta, takan zama ita ce mai tsaron dokar. In kuwa daga bakin suruka ta fara jin maganar, to, an ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba.

Ku kuma haddace alamomin da ba a jira da su: jini mai yawa ko mai gudaji, zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, jijjiga, kumburin ƙafafu da fuska, haki ko kasa numfashi in ta kwanta, da ruwa mai wari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a duba uwa da jariri cikin awa 24 na farko, da kwana na uku, da tsakanin kwana 7 zuwa 14, sannan a mako na shida. Wannan na ƙarshe yakan zo daidai da allurar rigakafin yaro ta mako shida. Ka kai su da kanka, a duba su biyun.

Barci, aiki da kuka marar dalili

Jariri sabon haihuwa yakan sha nono sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya, dare da rana. Lissafa ka gani nawa ne barcin uwarsa. Mutumin da bai yi barci ba ba ya da haƙuri, ba ya da fara'a, magana kaɗan ta isa ta tunzura shi. In matarka ta amsa maka a gajarce, kafin ka ce ta raina ka, tambayi kanka yaushe rabonta da barcin awa huɗu a jere.

Gwamnatin tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza hutun kwana 14 in matansu sun haihu, tun shekarar 2021. Mafi yawan mazajenmu a nan manoma ne da 'yan kasuwa da masu sana'a, ba mai ba su hutu sai su ba kansu. In kana da niyyar ci-rani, duba ko za ka iya jinkirta tafiyar har a yi arba'in. In haihuwar ta faɗo lokacin noman fari ko yankan gero, ku nemi ƙanwa ko 'yar'uwa da za ta zo ta zauna, kuma ku yarda a kan wace ce tun yanzu, kada a wayi gari an kawo mata wadda ba sa shiri. Ka ɗauke mata sayen ruwa, ka kai manyan yara makaranta, in tuwo ya makara ka yi shiru ko ka sayo wani abu a waje. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai kuma abin da ba mu cika faɗa ba. Mata da yawa a kwanakin farko sukan ji kuka na zuwa musu haka kawai, ransu ya ɓaci ba dalili. Wannan sauyin jiki ne, yakan wuce cikin mako biyu. In ya wuce haka, ta daina cin abinci, ta kasa barci ko da yaro na barci, ta daina sha'awar komai, ko tana cewa ita ba ta da amfani, to, ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na fuskantar irin wannan matsala bayan haihuwa. A wajenmu da sauri ake cewa iska ce, ko sammu, ko rashin godiya ga Allah. Ku yi addu'a, ku kuma kai ta asibiti, domin ciwo ne mai magani. In ta fara maganar cutar da kanta ko jaririn, ko tana ganin abin da ba kowa ke gani ba, a ranar za a tafi, kada a bar ta ita kaɗai. Mijin da ya san wannan tun kafin haihuwa ba zai ɗauki ciwo a matsayin raini ba, balle ya kai ga furta kalmar da zai yi nadama.

Maganar shimfiɗa da tazarar haihuwa

Mu yi ta a fili cikin mutunci, domin rashin yin ta ya raba gidaje. Jama'a sun riƙe arba'in a matsayin ranar da komai ke komawa daidai. A fiƙihun Malikiyya jinin biƙi kan iya kaiwa kwana 60, wata kuma nata ya ɗauke tun kafin arba'in. Ɗaukewar jini daban, warkewar jiki daban, musamman ga wadda ta ƙaru aka yi mata ɗinki ko aka yi mata aiki. Shayarwa kanta takan rage wa mace sha'awa ta kawo bushewa. Wannan halitta ce, ba ƙiyayya ba ce. Maigida ka yi haƙuri ka bi a hankali. Ke kuma ki faɗa masa abin da kike ji da bakinki. In kika juya masa baya kawai ba bayani, zai fassara shirun da abin da ba shi ne a ranki ba. Hira da zama kusa da juna da kalma mai daɗi ba su da ranar haramci, kada ku yanke su.

Sai batun kwanika. Da yawa suna dogara da cewa mai shayarwa ba ta ɗaukar ciki. Hakan na aiki ne in sharuɗɗa uku sun cika tare: yaro bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariyar ta tafi. Likitoci suna ba da shawarar a bar aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani ciki, wanda ya yi daidai da shekara biyun shayarwa da muka sani a addini. Ku je tare ku ji hanyoyin tazarar haihuwa da ake da su a asibiti, ku zaɓi wadda ta dace da ku. Abin da ke kawo rigima shi ne ɗaya ya yi a ɓoye ɗaya ya gano daga baya.

Gida mai mata biyu, da yayyen jariri

In kana da mace fiye da ɗaya, al'ada ta fitar da mai jego daga girki har ta yi arba'in. Fita daga girki ba fita daga aure ba ce. Ka shiga ɗakinta kullum safe da dare, ka zauna, ka ji damuwarta. Ka kuma gode wa abokiyar zamanta da ta ɗauki girkin gida da hidimar baƙi, ka yi mata ɗan ihsani ko sabulu ne da turmin atamfa in da hali. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a irin waɗannan kwanaki bangon ya fi saurin tsagewa. Yaron da aka yi wa ƙane shi ma yana cikin nasa kishin. In uwa ta shagala da jariri, kai ka ja shi jikinka, ka tafi da shi masallaci ko bakin kasuwa. Ka sauke mata nauyi, ka kuma sayi zuciyar ɗanka.

Mu koma kan ƙanena. A ranar bai ce mini komai ba, ya sha ruwa ya tafi. Bayan mako guda matarsa ta kira ni tana dariya ta ce, "Yaya, me kika faɗa wa Malam? Jiya ya zaunar da ni da takarda da biro yana ta yi mini tambayoyi." Ashe a zaman ne ya gano ba ta son tafiya gida tun wata bakwai, domin ƙauyensu ya yi nisa da asibiti, tana tsoro, amma ta kasa faɗa don kada a ce ta ƙi iyayenta. Shi kuma ya ɗauka ɗokin tafiyar take yi. Da kansa ya je ya roƙi surukinsa a bar ta ta haihu a Gumel, bayan suna ta tafi wanka. Tsohon ya amince, har ya sa masa albarka. Wata shida suna ɗaki ɗaya, kowa na ɗauke da zaton da ba daidai ba game da ɗan'uwansa, zaman awa ɗaya ya warware. Ragon yana nan a turke yana cin harawa, muna jiran ranar.

Mai karatu, in akwai mai ciki a gidanka, ko ke ce mai cikin, kada wannan mako ya wuce ba ku yi naku zaman ba. Wanda ba zai iya fara maganar ba, ya miƙa wa ɗan'uwansa wayar ya ce karanta wannan. Iyaye da suka riga mu gogewa kuma, ina son jin ta bakinku a ƙasa: mene ne kuka so a ce kun tattauna kafin haihuwarku ta fari? Maza ma kada ku noƙe, filin na kowa ne.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da aka samu, Ya bar ma'aurata cikin ƙauna da rufin asiri. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.